Wata biyu da karɓar permi (lasin tuƙi): in ja motar da kaina daga Garwa zuwa Ngaundare a Kamaru ko in nemi direba?

SabonHannu_Garwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, a ba ni ita tsakani da Allah. Wata biyu ke nan da na karɓi permi B. Tun daga ranar nake jan tsohuwar Corolla ta Baba a cikin gari, daga Yelwa zuwa babbar kasuwa, wani lokaci Jambutu, kuma ko keke ban taɓa gogewa ba. To ga bikin 'yar kawuna a Ngaundare nan da mako uku. Inna ta ce tunda Allah ya ba ta ɗa direba, ba ta ga abin da zai kai ta tasha ba. Ita ce da ƙannena biyu da kayan gara. Ni kuwa mafi nisan da na taɓa yi Pitowa ne. Rabin zuciyata na cewa je ka, rabi na tuna min falez, hawan dutsen nan da ke kafin Ngaundare. Wanda ya san hanyar ya faɗa min gaskiya.

MaiShayin_Tasha:
Wa alaikumussalam. Je ka abinka ɗan samari, da koyo akan iya. Duk direban da ka gani yau, akwai ranar da ya fara.

Goggon_Yara:
Haba MaiShayi! Da uwarsa da ƙannensa zai yi koyon? In koyo ne ya ɗauki buhunan masara. Ɗana, ka lallaɓa Inna ku shiga bas, ko a nemo wanda hannunsa ya faɗa.

BabaDireba:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Na yi shekara ashirin da bakwai ina ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare zuwa Kuseri, in haye gadar Ngeli in sauke a Injamena. Hanyar da kake magana kusan kilomita 280 ce, kuma mafi yawanta ba ta da wani abin tsoro sai ramuka da ƙauyuka. Inda maganar take shi ne bayan ka wuce Mbe ka doshi Wak.

Garwa a kwari take, bakin Binuwai. Ngaundare kuwa tana kan tudu, sama da mita 1,000. In za ka tafi hawa za ka yi, in za ka dawo gangara. Sababbin direbobi hawan suke tsoro, alhali gangarar ce mai cin mutane. A hawa in abu ya ɓaci mota tsayawa take son yi. A gangara ita ke son gudu, kai kake roƙonta.

Ƙa'idar da maigidana ya koya min tun ina yaron mota: giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauka. In da lamba biyu ka hau, da lamba biyu za ka sauko, inji na kuka yana riƙe maka motar. Ka sa giyar tun kana sama, kafin hancin mota ya sunkuya. Birki kuma taɓawa ake yi a saki, ba a kwantar da ƙafa a kai. Na taɓa bin bayan wata ƙaramar mota tun daga sama, jar fitilar birkinta ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Kafin mu kai rabi ƙauri ya cika min hanci kamar an ƙona gashi. Allah ya taimake shi ya samu fili ya raɓe, muka tsaya muka tarar tayoyin gaba na hayaƙi, yana tsaye yana salati, ƙafarsa na rawa. Da ya ƙara kwana biyu ko uku a haka, da labarin ya sha bamban.

Abu na biyu, in kana hawa ka tarar da tirela tana jan ciki kamar kunkuru, yaron mota na tafe a gefe da waigi a hannu, kada ka manne mata. Waigin nan ba ado ba ne, ya san tana iya komowa baya. Ka bar fili mai yawa, kada ka wuce ta a kwana, ko da za ka yi rabin awa a bayanta.

SabonHannu_Garwa:
Na gode Baba. Amma wani abokina ya ce shi a gangara firi yake sakawa, wai mai ba ya ƙonewa.

BabaDireba:
Abokin nan naka kada ka ƙara shiga motarsa.

Bakanike_Marwa:
Hahaha, Baba ya gama magana. Bari in ƙara dalili don ya zauna maka. Birki gogayya ce, gogayya kuwa zafi take haifarwa. In ka saka firi ka cire inji daga aikin, nauyin mota da mutum huɗu da kayan gara duk ya koma kan birki shi kaɗai. Idan ya yi zafi sosai sai ya daina kamawa, man birkin ma yana iya tafasa, musamman wanda ya shekara da shekaru ba a canza ba, don yana shan danshi. Sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa, ba komai. Kuma batun tsimin man ma ƙarya ce a motocin da ba na kafireto ba: in mota na cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, ita da kanta take yanke man.

Kafin tafiya ka kai ta gareji a duba birki da mansa, da ruwan lagireto, da fambel. Sannan taya. Duba gefenta, bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016. Tayoyin okaziyo, wato na hannu, da muke saye wasu zanensu kamar sabo, amma robar ta tsufa ta tsattsage. Kar ka manta safaya, mutane da yawa sai a daji suke gane tasu ba iska.

Alhajin_Lopere:
Ni dai abin da na sani, a wannan zafin na Afrilu rage wa taya iska ake yi kafin doguwar tafiya, don kada ta kumbura ta fashe.

Bakanike_Marwa:
Alhaji, da girmanka, wannan ita ce ke fasa ta. Tayar da ba ta da isasshiyar iska gefenta lanƙwashewa yake yi a kowane juyi, shi ke sa ta ɗau zafi har ta tarwatse. A sa mata abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, a auna da safe tana sanyi. In mota ta cika da kaya ma ƙari ake yi, ba ragi ba. Kuma tunda an zo maganar zafi: SabonHannu, in allurar zafi ta hau a falez, ka raɓe ka jira. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto yana tafasa. Akwai tabo a hannuna tun ina ɗan koyo, har yau ba gashi a wurin.

Alhajin_Lopere:
To, mun ji. Shekara nawa ina ragewa Allah na tsarewa.

Dan_Kuseri:
Tambaya ɗaya kafin a ci gaba, kada ka ji haushi. Permin nan naka na zama aji ne ko na aljihu? Don amsar ta danganta da wannan.

SabonHannu_Garwa:
Wallahi na zauna oto-ekol, makarantar tuƙi, na rubuta kod, jarrabawar dokokin hanya, na yi gwajin tuƙi. Sau ɗaya ma na faɗi na sake.

Dan_Kuseri:
Madalla, ka fi da yawa. Ni ba zan ɓoye ba, nawa na farko a gida ya same ni, ko aji ban leƙa ba. Na yi shekara biyu ina tuƙi ban san farin layin da bai yanke ba yana nufin kada ka wuce mota ba, na ɗauka kwalliyar kwalta ce. Ranar da na gane, madubina na hagu ne ya biya kuɗin karatun, wata bas ta tafi da shi. Kunya ta sa na koma na zauna aji da yaran da na haifa.

MalaminKod:
Dan_Kuseri, Allah ya saka da wannan gaskiyar. SabonHannu, tunda ka zauna aji, tuni kawai zan yi maka. Cikin gari iyaka 60 ne, kuma duk ƙauyen da kwalta ta ratsa gari ne, ko da bukka goma ce. A waje doka ta ba ƙaramar mota har 110, amma wannan rufi ne, ba umarni ba. Mai wata biyu da permi, da iyali a baya, 80 ta ishe shi.

Ka tuna lissafin da muke yi a allo. Cire sifirin ƙarshe na gudunka, lambar da ta rage ka ninka ta da kanta: a 60, shida sau shida, kusan mita 36 kafin mota ta tsaya cak. A 90, mita 81. A 110, mita 121, ya fi tsawon filin ƙwallo. Wannan a busasshiyar kwalta ke nan da birki mai kyau. Gudu bai kai ninki biyu ba, amma nisan tsayawa ya haura ninki uku. Kuma a cikin wannan nisan, kafin ƙafarka ma ta taɓa birki, daƙiƙa guda ta wuce, a 90 ka riga ka ci mita 25 ido buɗe.

Tazara kuma: ka zaɓi wata bishiya, in motar gabanka ta wuce ta ka ƙirga daƙiƙa biyu cikakku. In ka iso kafin ka gama, ka matsa da yawa. In ana ruwa ka ninka. Na ambaci ruwa ne da gangan, don mu nan Garwa muna ƙonewa amma Ngaundare damina ta riga mu sauka. Ruwan farko shi ya fi santsi, yana haɗuwa da ƙura da man da manyan motoci suka zubar ya zama kamar sabulu. Da sassafe kuma akan samu hazo a saman dutsen.

'YarDomayo:
Malam, don Allah tunda ka zo, raba mana gardama da maigidana. A rompuwan wa ke da hanya, na ciki ko mai shigowa?

MalaminKod:
Hajiya, duba bakin shiga shataletalen. In akwai allon nan mai kusurwa uku da kansa ke ƙasa, mai shigowa ne zai jira, na ciki ke da hanya. In babu allo babu fitila babu ɗan sanda, ƙa'idar hannun dama ce ke aiki, wato wanda ya fito maka ta dama shi za ka ba hanya.

'YarDomayo:
Ke nan kowa da gaskiyarsa, ba wanda zai ba wani haƙuri a gidan nan.

MaiShayin_Tasha:
A Marwa mai hanya shi ne wanda hon ɗinsa ya fi ƙara.

Dan_Kalando:
Na san yanzu za a juyo kanmu, gara in riga ku. E, a cikinmu akwai masu ganganci, akwai masu haɗiyar tramol su hau babur ido jawur, ban musa ba. Amma ku masu mota fa? Mutum ya tsaya a bakin kasuwa ya banko ƙofa bai waiga ba. Haka aka yi min bara, ina ɗauke da wata baiwar Allah da kwandon tumatir, sai ga ƙofa a gabana. Hular kwano ce ta cece ni, ita kuwa ta yi wata guda tana ɗingishi. Ko mutum ya sha kwana sannan ya kunna sigina, kamar yana ba da labarin abin da ya riga ya faru. SabonHannu, kafin ka juya ko ka buɗe ƙofa, madubi bai isa ba, waiga da wuyanka. Akwai wurin da babur ke ɓuya a gefenka, madubi ba ya nuna shi.

Goggon_Yara:
Ku kuma ku daina ɗaukar mutum huɗu da akuya.

Dan_Kalando:
Goggo, akuyar ai ku ke ba mu ita.

Dan_Kuseri:
Mu koma kan hanya. Wani abu da ba a koyarwa a aji: yaren manyan motoci. In kana bayan tirela ta kunna siginar hagu alhali ba kwana, tana ce maka kada ka fito, akwai mai zuwa. In ta kunna ta dama, wai hanya ta buɗe, wuce.

BabaDireba:
Haka muke yi, amma ɗana kada ka ɗora ranka a kan siginar wani. Ta hagu ka yarda da ita, don in ma kuskure ne ba ka yi asarar komai ba sai minti ɗaya. Ta dama kuwa, wataƙila tsayawa zai yi, wataƙila rami yake kaucewa, wataƙila tun Gamba ya manta da ita a kunne. Idonka ne zai ba ka izini. Kuma ka riƙe wannan: in ba ka hango madubin direban babbar mota ba, shi ma bai san kana duniya ba.

NasMaiDare:
Ni ba direba ba ce, amma mu ake kawo wa sakamakon. Abu uku nake roƙo. Bel ga kowa, har na kujerar baya. Iyayenmu mata sukan ce yana takura musu, ka lallashi Inna ta ɗaura, don wanda bai ɗaura a baya ba in aka yi karo kan na gaba yake faɗowa da duk nauyinsa. Yara a baya, ba a cinya a gaba ba, hannu ba ya iya riƙe yaro in mota ta tsaya farat ɗaya. Sai waya: ka ba ƙaninka ya riƙa amsawa, don 'yan biki za su dame ka da "kun kai ina".

In kuma kun tarar da hatsari, Allah ya kiyaye, kada a fizgo mai rauni kamar buhu sai in wuta ake tsoro. Wanda ya bugu a wuya ko baya, jan nan ne ke ƙarasa shi. Kada a ɗura masa ruwa, kada a cire wa mai babur hular kwano. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Lambobi: 117 'yan sanda, 113 jandarma, 118 'yan kwana-kwana.

Alhajin_Lopere:
Duk wannan dogon lissafi, tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa. Ka yi addu'arka ka kama hanya. Ni shawarata ma ku tashi bayan isha'i, gari ya yi sanyi, hanya ba kowa.

Malam_Almajiri:
Alhaji, addu'a gaskiya ce, kuma ya karanta ta hawa abin hawa, "Subhanallazi sakhkhara lana haza", tana cikin Suratuz Zukhruf. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Duba birki ɗaure raƙuma ne.

BabaDireba:
Tafiyar dare kam a'a, Alhaji, ban yarda ba sam. Hanya ba kowa? Da dare ne mu manya muke fitowa. Ƙaramar fitila ba ta haska maka abin da ya wuce mita talatin zuwa arba'in, ka haɗa da lissafin MalaminKod ka gani: kana 90 kana bukatar 81. Abin da ka hango ka riga ka buge shi. Ga motar da ta lalace a tsakiyar kwalta ba fitila ko ɗaya, alamarta ganye ne da aka kakkarya aka jera. Ga amalanke, ga mai keke da baƙar riga, ga wanda zai dallare maka ido da babbar fitila ya ƙi ragewa. In hakan ta faru kada ka kalle shi, ka kalli gefen kwalta na dama ka rage gudu. Ku yi asuba ku tashi, ku karya a Ngong, azahar ta same ku a can.

Ganyen nan ma, ko da rana ka ga an jera shi a hanya, ɗaga ƙafa. Shanu kuma in ɗaya ta tsallaka, saura na tafe, kuma na ƙarshe ɗan maraƙi ne da zai fito a guje yana neman uwarsa. Wajen dajin Binuwai za ka ga gwaggon biri zaune a bakin hanya, kada yara su sa ka tsaya ba su abinci.

Dan_Kuseri:
Takardu fa, kada a manta: permi, kart-giriz (takardar rajistar mota), asurans (inshora), bizit (takardar duba lafiyar mota), katin ɗan ƙasa na duk wanda ya isa. Duba kwanan watan asurans da bizit yau, ba a gaban jandarma ba. Alamar nan mai kusurwa uku ta lalacewar mota, da abin kashe wuta, da akwatin magani, su ma ana tambaya. Ka tanadi canjin peyaj, kuɗin shingen hanya, dala ɗari-ɗari, wato sefa 500, ka adana tikitin. In an tsayar da kai ka raɓe da kyau, ka gaishe su, kada ka ɗaga murya.

Bakon_Yola:
Ina bin ku daga tsallake. Sai da na yi tunani kafin na gane permi lasin ne, rompuwan kuma shataletale. Falez ɗin ne har yanzu ban gane ba.

MaiShayin_Tasha:
Zo mu kai ka, in ka sauko za ka gane, har da fassara.

'YarDomayo:
Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne ruwan mayo, wato rafi. Mu nan Marwa in Agusta ta yi, Kaliyawo da ka gani yashi zalla yara na ƙwallo, cikin awa guda sai ya cika ya batse. Na ga mai mota ya biyo bayan babbar mota a radiye, inda hanya ke ratsa cikin rafin ba gada, wai ai ta wuce. Ita ta wuce, shi sai da samari suka ɗaure tasa da igiya. In ruwa na gudu kuma ba ka ganin ƙasan, jira kawai.

Bakanike_Marwa:
Kuma in ta mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da ita, inji in ya shaƙi ruwa aka murɗa makulli sai dai a sauke shi. Amma hanyar SabonHannu kwalta ce da gadoji, wannan karatun na wata rana ne.

SabonHannu_Garwa:
Jama'a na dawo da rahoto. Jiya na kai motar gareji. Tayoyin baya 2014 aka rubuta, safaya kuwa ba iska ko kaɗan, kamar Bakanike yana gani. Baba ya yi faɗa amma ya ba da kuɗin biyu. Yau kuma ƙanin Inna, wanda ya taɓa jan bas, ya zauna a gefena muka haye gada muka je Ngong muka dawo. Na wuce tirela biyu, ta farko sai da ya ce min "yanzu" sau uku kafin na fita, tafin hannuna duk gumi. A wani ɗan tudu ya sa ni na tsaya, ya ce in tashi da birkin hannu. Sau biyu tana mutuwa, sau ɗaya ta koma baya har ya dafa gaban mota. Ya ce tuƙina ba laifi, sai dai ina kallon hancin mota maimakon in kalli nesa.

Ya yarda zai bi mu. Shi yana cewa in ja har Mbe ya karɓa. Ni kuma ina ganin in ban hau falez yana kusa da ni ba, yaushe zan hau?

Goggon_Yara:
Alhamdulillahi, yanzu na ji magana. Ka ba kawunka daga Mbe, kada ka yi musu da shi.

MalaminKod:
Ni na fi karkata ga ya hau da kansa, tunda ga gwani a gefe kuma da rana ne. Saukowar ce zan ce ya bari, ya zauna ya kalli ƙafar kawu da hannunsa a kan giya.

MaiShayin_Tasha:
Ku bar yaro ya yi duka biyun mana. Mu wa ya zauna a gefenmu?

BabaDireba:
MaiShayi, kai da ko amalanke ban taɓa ganin ka tura ba. Ɗana, wanda mota ta koma masa baya a tudun Ngong, ni ban gamsu ya tsaya bayan tirela a Wak da mutum biyar a ciki ba. Saura mako biyu da 'yan kwanaki. Kullum da yamma ka nemi tudu ka yi ta tashi da birkin hannu har sai ta daina mutuwa, sannan ka dawo mu sake magana.

NasMaiDare:
Mutum biyar yanzu ke nan da kawu. To kayan garar ina za su shiga? Kada dai a ce za a tula su a bayan kujera har su rufe gilashi.

SabonHannu_Garwa:
Wannan ita ce rigimar da ake yi a gidan yanzu haka. Inna ta ce buhun shinkafa da jarkokin mai ba za su bi bas ba sai dai ita ta bi su.

Bakanike_Marwa:
To a ƙara wa tayoyin baya iska. Kuma ka aiko min hoton lambar sababbin da aka saya, ina da zargi.